Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Bencin Jira: Tarihin Takunkumi a Ƙasar Haɗeja

Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, an fi saninta da ruwa da tsuntsaye. Tana cikin fadamar da kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala a cikinta kafin su haɗu su nufi Gashuwa da Tafkin Chadi, kuma a 2008 aka sanya dajinta cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar take karewa. Shi ya sa duk wanda zai yi maganar ciwo a wannan yanki, da cututtukan ruwa yake farawa: zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, amai da gudawa bayan ambaliya. Gaskiya ne, amma labarin rabin shekara ke nan. Daga lokacin da ruwa ya ja, aka yanke shinkafa, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, har zuwa zafin bazara da saukar ruwan fari, cututtukan da suke cika asibiti na numfashi ne: mura, tari, ciwon haƙarƙarin yara, ƙyanda, sanƙarau, sai kuma tarin fuka wanda shi ba ya duban wata. Dukkansu ta bakin mutum da hancinsa suke fita, su shiga na wani. Hujjar da nake son kafawa ita ce, takunkumin rufe baki da hanci, wanda jama'armu suka sani a 2020 a matsayin dokar titi suka kuma yar da shi da dokar ta wuce, asalinsa kayan aikin asibiti ne, an daɗe ana amfani da shi a kan irin waɗannan cututtuka, kuma tarihinsa ya nuna asibitocin ƙasar Haɗeja suna da dalilin riƙe shi fiye da asibitocin ƙasashen da suka ƙago shi.

A ɗakin tiyata aka haife shi. A 1897, a birnin Breslau wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, wani masanin tsafta mai suna Carl Flügge ya nuna cewa magana kawai, ba sai tari ko atishawa ba, tana fesa ƙananan ɗigon miyau masu ɗauke da ƙwayoyin cuta. Abokin aikinsa, likitan fiɗa Johann Mikulicz, sai ya ɗaura yadin bandeji a bakinsa da hancinsa yayin aiki, kuma a wannan shekarar Paul Berger ya fara yin haka a Paris. Abin lura shi ne wanda ake karewa. Likita ba kansa yake tsoro wa ba, cikin mara lafiyar da ya buɗe yake tsoro wa. Ƙyallen na tare abin da yake fitowa ne daga mai sanye da shi. Wannan ma'ana ta farko ita ce ta fi ƙarfi har yau, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Ma'ana ta biyu, wato kare mai sanyawa, daga Manchuriya ta zo. A ƙarshen 1910 annobar da take kama huhu ta ɓarke a arewa maso gabashin Sin, ta kashe kimanin mutum 60,000. Likitan da gwamnatin Sin ta tura birnin Harbin, Wu Lien-teh, ya dage cewa wannan karon ba ƙuma da ɓeraye suke yaɗa ta ba, numfashi ne, ya kuma sa aka ɗinka takunkumi mai kauri na bandeji da auduga ga ma'aikata. Wani likita Bafaranshe, Gérald Mesny, ya raina maganar, ya shiga duba marasa lafiya fuska a buɗe, ya kamu, ya rasu cikin 'yan kwanaki a watan Janairun 1911. Bayan shekara bakwai aka sami shaidar da ta fi kusa da halin da muke ciki. A 1918 George Weaver na asibitin Durand a Chicago ya wallafa abin da ya gani bayan ma'aikatan jinyarsa sun riƙa sa takunkumin bandeji a ɗakunan masu cututtuka masu yaɗuwa: yawan waɗanda ake samu da ƙwayar mashaƙo a maƙogwaronsu ya ragu ƙwarai. Cututtukan da yake magana a kansu su ne mashaƙo da sanƙarau da ciwon haƙarƙari. A wannan shekarar kuma Joseph Capps, a asibitin sojoji na Camp Grant, ya juya dabarar, ya riƙa ɗaura wa marasa lafiyar kansu don kada mai wannan cuta ya ƙara wa na gadon kusa da shi wata. Ke nan tun shekara ɗari da suka wuce an san amfani biyu na wannan ƙyalle a cikin asibiti, kuma an san su ne a kan cututtukan da har yau muke binne yara saboda su.

Ƙasar Hausa ba ta ci moriyar wannan ilimi da wuri ba. Murar 1918, wadda dattawa suka riƙa ƙirga shekaru da ita da sunan marisuwa, ta sauka Legas a tsakiyar Satumba ta jirgin ruwa, ta bi layin dogon da ya isa Kano tun 1911, ta kuma bi hanyoyin fatake zuwa inda dogo bai kai ba. An ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba. Shekara goma sha biyu ke nan kacal da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, kuma 'yan likitocin da gwamnatin mallaka take da su a Arewa na barikin soja ne da ma'aikatan gwamnati. Asibitin birnin Kano sai a ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe shi, Makarantar Tsafta ta Kano a 1932, ƙananan ɗakunan shan magani na En'e kuma sannu a hankali suka bazu cikin gundumomi. Aikin da aka horar da malamin asibiti na wancan zamani a kai shi ne wanke gyambo, ba da magani, yin lamba. Duba-gari kuma yana bin kwata da randa da masai. Takunkumi ya shigo ne tare da babban asibiti, ya tsaya a inda likitan fiɗa yake tsayawa. Ma'anar Mikulicz ta iso, ta Wu da Weaver da Capps ba ta iso ba. Har kwanan nan, in aka ga ma'aikaci da rufaffiyar fuska a asibitin Haɗeja ko na Kano, an san daga tiyata ya fito ko ɗakin haihuwa.

Wannan giɓi ya fi ban takaici idan aka duba sanƙarau. Ƙasar Haɗeja tana tsakiyar zirin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya zayyana a 1963, daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar take tasowa da rani ta kwanta da saukar ruwa. An rubuta ɓarkewarta a Arewacin Nijeriya tun 1905, ta dawo a farkon shekarun 1920, ta yi mummunar ɓarna a 1949 da 1950. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000, kuma Asibitin Zana na Kano ya cika har ana kwantar da yara a ƙasa. A 2017 wani nau'inta ya kashe fiye da mutum 1,000, akasari a Zamfara da Sakkwato. Ƙwayar cutar a bayan hanci da maƙogwaro take zama, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba tare da sun yi ciwo ba, kuma ana ganin busasshiyar iska da ƙurar hunturu suna raunana fatar cikin hanci har ta sami hanyar shiga jini. Ta feshin miyau take tsallakawa, tsakanin mutanen da suke kusa da juna. Ƙa'idar da likitocin duniya suka daɗe da yarda da ita ita ce, duk wanda zai matsa kusa da mai sanƙarau ya sa takunkumi har mara lafiyar ya cika awa 24 a kan maganin da ya dace. Ƙa'ida ce mai sauƙi, ba ta buƙatar wutar lantarki ko na'ura. Amma a ɗakin da uwa take rungume da yaron, kaka tana gefen gado, ƙanen uba yana riƙe da ledar ruwan da ake ƙara masa, wa aka taɓa miƙa wa ƙyalle?

Tarin fuka ne ya koya wa duniya sauran darasin. A shekarun 1930 William Wells ya nuna cewa ɗigon da ya yi ƙanƙanta sosai ba ya faɗuwa ƙasa, bushewa yake yi ya rataya a iska. A shekarun 1950 Richard Riley ya gwada maganar a wani asibiti a Baltimore: ya ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar da ba su taɓa kusantar mutanen ba, suka kamu. Aka sake gwajin a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2012, da ƙari ɗaya: a wasu ranaku ana sa wa marasa lafiyar takunkumin tiyata na yau da kullum, a wasu ranaku ba a sa musu. Haɗarin kamuwa ga dabbobin da suka shaƙi iskar ranakun takunkumi ya ragu da kashi 56 cikin ɗari idan aka kwatanta da sauran. Kafin wannan, a 2006, rahoto ya fito daga wani asibitin karkara a Tugela Ferry, shi ma a Afirka ta Kudu, kan mutum 53 masu wani tarin fuka da ba ya jin kusan kowane magani. Mutum 52 sun mutu, da yawansu sun taɓa kwanciya a asibiti kafin su kamu, har da ma'aikatan lafiya a cikinsu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kusan rabin miliyan a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da yawansu ba a gano su ba. Mai tarin da ba a gano ba, ba a ɗakin keɓewa yake ba. Yana kan bencin jira tun safe da katinsa a hannu, kusa da mai ciki da ta zo awo da jaririn da aka kawo rigakafi. Wannan benci shi ne wurin da ya fi kowane wuri haɗari a asibiti, kuma shi ne wurin da tarihin aikin lafiya a ƙasarmu bai taɓa kai takunkumi ba.

A 2006 yankin Baturiya ya shiga idon masanan duniya ta wata ƙofa dabam. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. Ta bazu zuwa Kano da jihohi fiye da 20, aka yi asarar kaji fiye da miliyan ɗaya, kuma a farkon 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas. Hankali ya koma kan fadamar Haɗeja da Nguru, saboda dubban tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya a nan suke cin rani. Binciken da ya biyo baya ya nuna cutar ta shigo ƙasar fiye da sau ɗaya, kuma cinikin kaji ya taka babbar rawa wajen yaɗa ta, don haka ba adalci ba ne a ɗora wa tsuntsayen Baturiya laifin duka. Sai dai masu binciken da suka kama tsuntsayen ruwa a fadamar a 2007 sun sami wani nau'i mai haɗari, H5N2, a jikin kirinjijiya da ɗinya masu cikakkiyar lafiya. Ma'aikatan da suka je kashe kaji a gonaki a waɗancan shekaru sun je cikin fararen kaya da takunkumi, domin an san haɗarin. Amma idan wata rana irin wannan cuta ta tsallaka zuwa mutum a wannan yanki, ba wurin masu fararen kaya zai fara zuwa ba. Masunci ne ko mai ɗana tarko ko matar da ta fige agwagwa, da zazzaɓi da tari, zai zo asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, malamin asibiti ya ɗauka maleriya ce, ya sunkuya kansa yana duba shi.

Sai 2020. An tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, a Kano ranar 11 ga Afrilu. Mutum na farko da aka tabbatar ta kashe a jihar Katsina likita ne a Daura. Kafin ƙarshen Afrilu masu haƙa kabari a Kano sun fara faɗin cewa gawa ta yi yawa, ɗakin gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe ko suna mayar da marasa lafiya. A farkon Mayu ƙungiyar likitoci ta ce mambobinta 34 sun kamu a Kano. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979 a wasu ƙananan hukumomin birnin, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da nasaba da korona. A daidai wannan lokaci, cikin azumi da tsananin zafi, jaridu suka ruwaito cewa kimanin mutum 100 sun rasu a garin Haɗeja cikin kwana goma, galibinsu dattawa, gwamnatin Jigawa ta Muhammad Badaru Abubakar kuma ta tura kwamitin bincike. An yi ta jayayya kan ko korona ce ko hawan jini da ciwon suga da zafi. Ga hujjata, amsar ba ta canza komai. Idan korona ce, ma'aikatan da ba su da kariya su suka fi kusa da ita. Idan hawan jini ne, to dattijon da ya saba zuwa a auna shi ya tarar da ƙofa a rufe ko ma'aikaci yana ja da baya, kuma rashin kayan kariya na cikin manyan abubuwan da suka jawo haka. Tun ranar 3 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa farashin takunkumin tiyata ya ninka sau shida, kuma duniya tana buƙatar miliyan 89 a kowane wata. Ƙasar da ba ta saba ajiye shi a sito ba, ita ce ta zo ƙarshen layi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda takunkumi ya isa ga talaka a wannan shekara shi ne ya ɓata masa suna. Ranar 27 ga Afrilu shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanar da tilasta sa shi a bainar jama'a tare da kulle Kano, kuma a Janairun 2021 aka sa hannu kan dokar da ta tanadi tara ko ɗaurin wata shida. Ga mai sayar da kifi a kasuwar Haɗeja, takunkumi ya zo tare da rufe kasuwa da hana Juma'a da shingen jami'an tsaro a hanya. Ana sa shi a rana, a fili, inda iska take kwashe komai, don a wuce shinge, a cire shi da an shiga mota mai cunkoso ko ɗaki. Haka ya faru da dokar takunkumi a San Francisco lokacin murar 1918, kuma jami'in lafiya na jihar Kalifoniya, Wilfred Kellogg, da ya duba alƙaluma bayan annobar bai ga dokar ta sauya tafiyar cutar ba, ya kuma lura cewa mutane suna sawa a titi suna cirewa a inda ya kamata su sa. Da tsoron korona ya gushe, abin da aka haɗa da shi ya gushe tare da shi, har a cikin asibiti. A ganina wannan ce babbar asarar: an zubar da ƙa'idar aiki mai shekara ɗari saboda an gaji da dokar shekara biyu.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma mafi ƙarfinsu da alƙaluma suke ja. Za su ce a 1991 Tunevall a Suwidin ya bi tiyata fiye da 3,000, wasu da takunkumi wasu babu, bai ga bambanci a ruɓewar rauni ba. Za su ce a Janairun 2023 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje ta ce sa takunkumi a cikin jama'a mai yiwuwa bai kawo wani bambanci mai yawa ba. Duka biyun an yi su, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Amma a duba abin da kowanne ya auna. Tunevall rauni ya duba, a ɗakin tiyata mai tsabtatacciyar iska, ba tari a bencin jira ba. Yawancin gwaje-gwajen da Cochrane ta tara kuwa sun auna ne abin da yake faruwa idan aka shawarci mutane su sa, alhali da yawansu ba su sa ba ko sun sa na ɗan lokaci, kuma babbar editar ƙungiyar, Karla Soares-Weiser, ta fito a watan Maris na shekarar ta ce kuskure ne a fassara rahoton da cewa takunkumi ba ya aiki. Babban gwajin ƙauyuka 600 na Bangladesh ya sami ragi kaɗan a jimla, kimanin kashi 11 cikin ɗari da takunkumin tiyata, amma kusan kashi 35 a tsakanin waɗanda suka haura shekara 60. Abin da za a ɗauka daga duk wannan shi ne, amfanin takunkumi yana ƙaruwa ne gwargwadon kusanci da mai cuta, da rufuwar wuri, da raunin waɗanda suke wurin, da yiwuwar a tabbatar an sa shi daidai. Waɗannan sharuɗɗa huɗu ba su cika a titi ba. A asibiti sun cika duka. Ya kamata a kuma faɗi iyakarsa: takunkumin tiyata a fuskar ma'aikaci ba ya isa kariya daga tarin fuka ko ƙyanda, masu rataya a iska. Waɗannan suna buƙatar mai matse fuska irin N95. A fuskar mai tarin ne na yau da kullum yake yin babban aikinsa.

Ja na biyu na kuɗi ne da zafi, kuma duk wanda ya san asibitocin karkara ba zai raina shi ba. Wurin da safar hannu take yankewa, ruwan wanke hannu sai an ɗebo, a ce a ƙara masa wani abin saye? Kuma a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta ba fanka, ma'aikaciya ta yini da rufaffiyar fuska? Amsar ita ce ba kowa ake nufi ba, ba kuma kullum ba. Abin da tarihi ya goyi baya ƙarami ne: wanda ya zo da tari ko mura a ba shi takunkumi tun a tagar yankan kati, a zaunar da shi gefe inda iska take bi, a gan shi da wuri, ma'aikacin da zai duba maƙogwaro ko ya ɗauki majina ko ya ja ruwan ƙashin baya ya sa, 'yan jinyar mai sanƙarau ko mashaƙo su sa a kwanakin farko, a lokacin ɓarkewar cuta kuma a faɗaɗa. Kwali ɗaya mai guda 50 zai iya isar ƙaramin asibiti kwanaki. A auna wannan da maganin tarin fuka na wata shida, ko da rashin ma'aikaci guda na sati biyu a jihar da take cikin waɗanda suka fi ƙarancin likitoci a ƙasar. Takunkumin atamfa da teloli suka ɗinka a 2020 ya yi amfaninsa a lokacin rashi, amma ba kayan ma'aikaci ba ne. Gwajin da aka yi a asibitoci 14 na Hanoi, aka wallafa a 2015, ya nuna ma'aikatan da suka sa na yadi sun fi masu na tiyata kamuwa, kuma da aka sake duba bayanan sai aka ga matsalar ta fi yawa ga waɗanda suke wanke nasu da hannu. Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. A 2007 Escombe da abokansa sun auna iska a asibitocin Lima ta ƙasar Peru, suka ga buɗe taga da ƙofa kawai yana sauya iskar ɗaki kimanin sau 28 a awa, a tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi har sau 40, alhali ɗakin keɓewa mai na'ura sau 12 ake nema daga gare shi. Matsalarmu ita ce da sanyin hunturu ake rufe tagogin, wato daidai lokacin da tari ya fi yawa.

Ja na uku na al'ada ne, kuma shi na fi ba wa nauyi. Dubiya haƙƙi ce a addini da zumunci. Mara lafiyar da aka rufe masa fuska shi kaɗai a cikin jama'a zai ji an nuna shi, musamman da yake har yanzu tarin fuka yana hana aure a wasu gidaje. Tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi tana karanta leɓen nas ne don ta gane sau nawa za ta sha magani, yaro kuma yana firgita da fuskar da ba ya gani. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana nufin a yi abin da hankali: ma'aikaci ya gaisa da fuska a buɗe daga ɗan nesa kafin ya rufe, a ba duk mai tari ba tare da an tambayi wane iri ba ne, don kada ƙyallen ya zama alamar cuta guda. Amma cewa rufe baki baƙon abu ne a ƙasar Hausa, wannan ba haka ba ne. Sarki da hakimi suna jan amawali su rufe baki, kuma girma ne. Buzu ba ya buɗe bakinsa a gaban surukinsa. Mace tana jan mayafi kan hancinta idan ƙura ta taso, masu sussuka da casar shinkafa a fadama suna ɗaura ƙyalle, 'yan acaɓa suna sa takunkumi da hunturu tun kafin a ji sunan korona. Tarbiyyar Musulunci kuma ta koyar da rufe baki yayin atishawa da hamma, da kada a cakuɗa mai cuta mai yaɗuwa da masu lafiya. Abin da jama'a suka ƙi a 2020 tilas ne da wulaƙancin shinge. Idan malamin asibitin da suka sani ya miƙa wa dattijo ƙyalle ya ce, “Baba, a taimaka a sa wannan saboda jariran nan,” da wuya a sami wanda zai ƙi.

Shekarun da suka biyo bayan korona sun nuna cewa tsofaffin cututtukan ba su je ko'ina ba. Daga Disamban 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, Jigawa da Yobe da Bauchi suna cikin jihohin da ya shafa, dubban yara suka kamu. Cutar da Weaver ya rubuta a kanta a 1918 ke nan. A ranin 2023 Jigawa ce ta ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zargin sun kamu da sanƙarau a duk ƙasar, a daidai lokacin da cutar take ci a yankin Damagaram ta tsallaken iyaka. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na sanƙarau, kuma Jigawa na cikin inda aka fara, kamar yadda take cikin jihohin farko da suka karɓi allurar MenAfriVac a 2011. Rigakafi shi ne babban makami a kan waɗannan cututtuka, ba na haɗa shi da takunkumi a ma'auni ɗaya. Sai dai allura tana zuwa ne bayan an ƙirga marasa lafiya, an aika samfur, an tabbatar, an nemo, an rarraba, kuma duk wannan makonni ne. A cikin waɗannan makonni yaran suna zuwa asibitin sha-ka-tafi ɗaya bayan ɗaya, daga nan a tura su Babban Asibitin Haɗeja a bayan babur ko cikin motar haya. Da damina ƙauyuka da dama na Kirikasamma da Guri sai da kwalekwale ake isa gare su, hanya kuma ba ta buɗewa sosai sai ruwa ya ja a wajen Oktoba da Nuwamba. Wannan shi ne lokacin da ya kamata hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar ta sanya takunkumin tiyata, da 'yan N95 ga masu duba tarin fuka, cikin kayan da take aikawa tare da sirinji da safar hannu, gwargwadon abin da zai kai kowane asibiti zuwa saukar ruwan Yuni.